Turare da Baƙin Ciki



Mai takaba takan yi wata 4 da kwana 10 ba ta shafa turare. Ran fita kuwa sai ta yi wanka, ta turara jiki, ƙamshin ya shaida wa zuciyarta cewa wancan lokaci ya wuce. Dalili shi ne jijiyar hanci tana kai saƙo kai tsaye ga sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tsoro da tuna baya. Ta wannan hanya ce warin albarushi yake mayar da tsohon sojan yaƙin basasa na 1967 fagen daga. To, kajiji da humra suna kwantar da hankali, amma wanda firgita ta hana shi barci wata da watanni, ku kai shi ga likita.