Jawabin Kwamiti: Peju Alatise da 'Yan Matan Aikatau

Lissafin asusu ma'aji za ta karanto anjima. Mu 'yan kwamiti bana cewa muka yi bari mu kawo muku labarin wata mata 'yar ƙasar nan, Peju Alatise, don akwai inda ya taɓa mu.

Bayarabiya ce, an haife ta a Legas a 1975. Zanen gine-gine ta karanta a Jami'ar Ladoke Akintola da ke Ogbomosho. Duk wadda ɗanta ya yi wannan karatu ta san ba wasa ba ne: awo, lissafi, sanin nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, kwana a kan takarda. Ta gama lafiya, amma hankalinta na wajen zanen hannu. Sai ta koma can, ta fara da fenti, daga baya ta shiga aiki da yadi da ƙarfe da sassaƙa. Atamfar nan da muke ɗaurawa ma ta yi aiki da ita sosai.

Mun san abin da za a ce da a gidan ɗayanmu ne: "An yi asarar kuɗin makaranta!" To, ba a yi ba. Ayyukanta manya ne, wani sai ya cika ɗaki guda, kuma wanda bai san awo da nauyi ba ba zai iya tsayar da irinsu ba. Ilimin ginin ne ya bi ta wajen.

A 2017 Nijeriya ta kafa rumfarta karon farko a babban bajekolin fasaha na birnin Benis, a Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara 2. Mutum 3 aka tura, ita kaɗai ce mace. A shekarar kuma ta ci kyautar fasaha ta FNB a Afirka ta Kudu.

Amma abin da ta kai Benis shi ne maganarmu. Sunansa Flying Girls, wato 'yan mata masu tashi sama. Siffar yara mata 8 ce, baƙaƙe, sun yi da'ira, kowacce da fukafukai a baya, ga tsuntsaye a samansu. Ta ɗauko su ne daga labarin da ta ƙaga na wata yarinya, Sim, 'yar shekara 9, da aka kai aikatau Legas. Da rana wanke-wanke da shara, da dare sai ta yi mafarkin tana tashi sama, inda ba mai aikenta. Mun sani, da yawanmu ba ma harka da mutum-mutumi, kuma ba cewa muke a je a yi ba. Yarinyar muke so a duba.

Don Sim ba a Legas kaɗai take ba. Mu nawa ne a nan ke da yarinyar da aka kawo mana daga ƙauye? Ita ke riƙe mana gida mu zo taro, ita ke goyon jariri muna kan keken ɗinki. Naku na tafiya makaranta da safe, ita tana bakin famfo. Kuɗin watan ma ba hannunta yake shiga ba, mai kawo su ce ke karɓa. Ba mu cire kanmu ba, a kwamitin nan ma akwai masu su.

Shawararmu ke nan: a zaman wata mai zuwa, kowacce mai yarinya a gida ta faɗi ko tana zuwa makaranta, boko ko Islamiyya. Wadda ba ta zuwa, mu duba abin da za a cire daga ribar bana a sa ta, ko da ajin yamma ne. Wadda ke da ja a kan wannan ta faɗa yau, tun ba a raba riba ba.

Hajiya ma'aji, bismillah.