Akaifa, dagi da kofato: jawabin mushen lakwal a taron ƴan Tamaske

Iyayena dattawa, Allah shi ja da ranku. Ƴan'uwa da kuka dawo daga cin rani, barkanku da sauka.

An ce in yi magana kan akaifar dabbobi. Na mutum muna ce da shi farce ko ƙumba. Na shaho da mikiya da mussa akaifa ne. Tafin zaki ko na kura duka da akaifunsa shi ne dagi. Doki da jaki kofato gare su, zakara kuwa ƙaimi. Ƴan lakwal na yau duka wannan farce suke ce masa, su wuce.

Kowace akaifa da aikinta. Dabgi rami yake gina da tasa, shaho ya suri ɗan tsako, kaza ta yi tono, har aka ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Har farcen da mata ke sa wa turaren wuta, murfin wani dodon-koɗi ne na teku, kamarsa da farce ta ba shi suna.

Ga abin da mahalba suka sani tun kafin littafi. Zaki da damisa da mussa suna maida akaifa ciki in suna tafiya, ba su fiddo ta sai wurin kamu. Don haka tasu ba ta dakushewa, kuma sawunsu bisa rairayi ba shi nuna ta. Kura da kare ba su iya wannan. Tasu tana waje kullum, ƙasa tana cin ta. In kun ga babban sawu da tsinin farata a gaba, kura ce ko kare, kada a tada gari da cewa zaki ne. A ganina wannan ne ya shiga gatana: mai ɓoye makami shi aka ba sarautar dawa, kura da ke yawo da nata a fili ita ce kullum Gizo ke wa wayo. Wanda ba shi da makamin ko kaɗan kuwa, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi.

Yanzu maganata da ku ce, ƴan cin rani. A Kano ko Abijan za a nuna muku akaifar zaki, a ce a ɗinke ta cikin laya don kwarjini. Akaifa da ƙaho da kofato duk abu guda aka yi su da shi, mai wuƙa da haƙuri yana iya sassaƙa ƙahon sa ya yi kama. In jabu ce, kuɗin hatsin gida sun tafi. In ta gaske ce, abin ya fi muni. Zaki akaifa 18 gare shi, kuma sai ya mutu ake samunsu. Binciken da aka buga a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma kaf wajen 400, mafi yawansu a gandun dajin W da maƙwabtansa, tsakanin Nijar, Benin da Burkina Faso. Ga kuma dokar halbi ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ma'aikatan daji ke aiki da ita.

Dattawa, roƙona gare ku: duk wanda ya san sunan wata akaifa ko wani sawu da ban faɗa ba, zan aiko masa da yara biyu da kaye su rubuta.