Jawabi a Kan Ɗan Injin Gwaji da Makomarsa



An nemi in yi bayani a kan sana'ata ta ɗab'i. Kowa ya san maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya, wadda aka kafa a 1945. To, ni nawa injin ko kusa bai kai nasu ba. Ɗan injin gwaji ne, wato faranti na ƙarfe da ganga mai birgima a kansa. Asalin aikinsa shi ne a buga kofi ɗaya a duba kurakurai. Sai ka jera haruffan dalma, ka shafa tawada, ka aza takarda da hannu, ka ja ganga. Matsalarsa biyu: takarda ba ta sauka wuri ɗaya, kuma tawada tana ɓata gefenta.

Maganin firam biyu ne, waɗanda Turawa ke kira timfan da firisket. Dabara ce daɗaɗɗiya, don Joseph Moxon ya bayyana ta a littafinsa tun 1683. Na farko kafinta ya yi mini shi, muka ɗaura masa akoko ya miƙe kamar fatar kalangu, muka sa hinji a ƙarshen faranti. A kan akokon na liƙa guntayen kwali uku, su ne ke tsayar da takarda a gurbinta. Na biyu mai walda ya yi shi da siririn ƙarfe, aka maƙala shi a jikin na farko, na rufe shi da takarda mai kauri, na yanke taga daidai girman rubutu. Shi ke riƙe takarda, ya kuma kare ta daga tawada. Inda ake shan wuya shi ne kauri: tsayin harafi milimita 23.3 ne, firam kuwa tilas ya kwanta ƙasa da haka, in ba haka ba ganga za ta hau shi ta bar rubutu.

Da wannan na samu damar buga launi biyu a kati guda, ja bai hau baƙi ba. Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka huta da zuwa Gusau saboda katin biki ko rasit. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, duk takardar da ke ɗauke da sunan Jihar Sakkwato sai da aka sake ta. Ban taɓa ganin aiki irin na watannin nan ba.

Yau kwamfuta ta karɓe kasuwa, kuma ban ga laifinta ba. Amma 'yan gwangwan sun taya injin da haruffansa a kan kilo, ni kuwa ba na son a narkar da su. Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne ta nema masa ɗaki a makarantarmu, ta biya kuɗin mota. Ni zan riƙa zuwa kowace Asabar ina koya wa yara kyauta.