Gunkin Yumɓu a Bakin Garma



A ƙasar Meziko, masu haƙa tsofaffin kaburbura a Jalisko da Nayarit sun daɗe suna fito da mutum-mutumin mayaƙa na yumɓu, riƙe da kulki, suna sayar wa attajiran Turai da Amurka, duk da dokar 1972 ta ce kayan ƙasa ne. Kada mu ce abin na nesa ne. Mu ma muna da namu.

Akwai kawunan yumɓu da masana ke kira na Sakkwato, masu kaurin gira da tsinin gemu, waɗanda suka kai shekara 2,000. A shekarun 1990 aka yi ta haƙo su a ɓoye ana tsallakar da su kan iyaka. Ɗaya daga cikinsu, tare da wasu biyu da ake kira na Nok, ya ɓulla a gidan tarihin Louvre na Faris a 2000. Sai a 2002 Faransa ta amince na Nijeriya ne, amma ta riƙe su aro na shekara 25. Ka ji ikon Allah, kayanka amma a hannun wani!

Wani zai ce gunki ne, a fasa shi. Ni a ganina shaida ce ta waɗanda suka riga mu zama a wannan ƙasa, ba abin bauta ba.

Saboda haka, Malam manomi, in garmarka ta tono irin wannan, kar ka ba dillali. Ka bar shi inda yake, ka sanar da mai gari, a kira jami'an gidan tarihi na ƙasa da ke Sakkwato.