Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Me Ke Cikin Aljihunka In Ka Fita Birni?

  

Yau maganar aljihu za mu yi. Mai sauraro, sa hannu ka laluba. Me da me ka fito da shi daga gida? Yawancinmu waya ce, da makulli, da 'yan canji. To a ce yanzu wayar nan ta mutu, ko an fizge ta a cikin cunkoson kasuwa, ko jami'i ya tsai da motarku ya ce kowa ya nuna takarda. Lambar mutum nawa ka haddace? Da me za ka koma gida? In kuma, Allah ya kiyaye, ka faɗi a titi ba ka iya magana, wa zai san ko kai wane ne?

A ƙauye in ka rasa abu, maƙwabci ya san ka, ya san gidanku. Birni ba haka yake ba. Shi ya sa ake so mutum ya haɗa 'yan kayan da ba ya rabuwa da su kullum. Sharaɗin guda ne: su zama kaɗan, marasa nauyi, waɗanda za su shiga aljihun riga da 'yar jakar rataye ko jakar hannu. Jaka in ta yi nauyi, kwana uku za ka ɗauke ta, rana ta huɗu ka bar ta a ɗaki.

Takardun shaida

Da su za mu fara, don su ne ba a saye a bakin hanya. Ɗan Najeriya ya riƙe shaidarsa ta NIN, lambar nan mai alƙaluma 11. Ɗan Nijar ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, wanda muka fi sani da kartidantite. Mai tuƙi ya haɗa da lasisi da takardun abin hawa. Ka yi fotokwafin kowace, ka ajiye ɗaya a gida, ka ɗauki hotonta a waya. Amma ka sani, hoton waya ba ya maye gurbin ta ainihi a gaban jami'i. Amfaninsa shi ne ranar da ta ainihin ta ɓace za ka je neman wata.

Mu da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, akwai ƙari. Tun yarjejeniyar 1979 'yan ƙasashen ECOWAS ke shiga ƙasar juna ba biza, su zauna har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu duk sun ce jama'a su ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba. Rashin biza dai ba ya nufin rashin takarda. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya wadda wa'adinta bai ƙare ba, kuma tun kafin ranar tafiya ka tambayi ofishin shige da fice ko direbobin tasha abin da ake nema a wannan makon. Mun dai ga an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan Yulin 2023. Doka kan canza mutum na kan hanya.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara 10 ba. Saboda haka katin nan dukiya ne. Ka sa shi cikin 'yar leda mai rufewa tare da sauran takardu, don zufa da ruwan damina su ne ke cinye tawada. Kuma a yi allurar da gaske. Katin da aka saya ba a yi allura ba, sauro bai san da shi ba.

Takardar da kai za ka rubuta

Wannan ba ta da tsada ko ta dala guda, amma a wurina ta fi komai. Ka sami ɗan kwali daidai faɗin katin shaida. Ka rubuta cikakken sunanka, unguwarku, da lambar mutum biyu da za a kira in wani abu ya same ka. Ka sa lambar ƙasa a gaba: +234 ta Najeriya, +227 ta Nijar, don mai taimakonka yana iya kasancewa a ɗaya gefen yake kira. Ka ƙara rukunin jininka in ka san shi. In kana da ciwon suga, hawan jini, asma, farfaɗiya ko sikila, ko akwai maganin da jikinka ba ya so, rubuta. In da hali a rubuta da Hausa a gaba, a baya da Turanci ko Faransanci.

Me ya sa takarda, ga waya? Saboda wayarka a kulle take, kuma a hatsari ita ce ke fara fashewa ko ɓacewa. Ma'aikacin asibiti aljihu yake lalubawa.

A bayan kwalin ka sa lambobin gaggawa. A Najeriya 112, sai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. A Nijar 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana. Iyaye, ku yi wa ɗalibai irin wannan kwalin ku sa musu a jakar makaranta. Tsoho mai yawan mantuwa ma a sa masa a aljihu.

Kuɗi: kar a tara wuri ɗaya

Waɗanda suka ga farkon shekarar 2023 a Najeriya ba sa bukatar dogon bayani. An sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen koko da ƙosai. Tiransifa na da daɗi, mai POS na kowace kusurwa, a Nijar ma ga gidajen aika kuɗi ko'ina. Sai dai duk sun dogara da sabis da caji. Ranar da sabis ya ɗauke, mai tsaba a hannu shi ne sarki.

To ka raba kuɗinka gida biyu. Na kashewa a aljihun da hannu ke shiga, kuma ya zama canji: 'yan ɗari da ɗari biyu na adaidaita sahu, ko silallan sefa na kabu-kabu. Ka miƙa wa ɗan kabu-kabu takardar jika goma da sassafe, ka ga yadda za ku ɓata rabin awa kuna neman canji. Kashi na biyu shi ne kuɗin komawa gida. Ka lissafa abin da zai kai ka ƙofar gidanku daga wuri mafi nisa da kake zuwa, ka ƙara na abinci sau ɗaya, ka naɗe ka ɓoye a aljihun ciki ko cikin lalita. Wannan ba na sayen kati ba ne, ba na tsire ba ne. Mai tsallaka iyaka ya riƙe kaɗan na naira, kaɗan na sefa, don ɗan canjin da ya gane kana cikin matsi ba zai ba ka farashin kirki ba.

Katin ATM guda ya isa. Kuma don Allah kar a rubuta lambar sirri a jikin katin ko a takardar da ke tare da shi.

Waya da abincinta

Caja da igiyarta kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne bakin soket. A Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila ya fi yawa, a Nijar kuwa mai ramuka biyu zagayayyu irin na Faransa. Ɗan adafta ƙarami zai raba ka da yawon roƙon caja a garin mutane.

Fawa bank mai 10,000 mAh ya wadatar. Kar ka zaci zai cika maka waya sau huɗu, don wani kaso na wutar yana tafiya a zafi lokacin caji. Babbar waya zai cika ta kamar sau ɗaya da rabi, mai ƙaramin batir sau biyu. Kar a bar shi a rana ko a gaban mota, kuma da ka ga ya kumbura, rabu da shi.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya yi yau kafin ya kwanta. Na ɗaya, danna *#06# a wayarka. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayar kanta. Rubuta ta ka ajiye a gida, don ita za a tambaye ka in ka kai ƙarar sata. Na biyu, sa wa layinka lambar sirri ta PIN, ban da makullin fuskar waya. Ɓarawon waya na yanzu ba wayar kaɗai yake so ba. Layin yake cirewa ya sa a wata waya, ya nemi hanyar shiga asusunka na banki. Layi mai PIN ba ya buɗuwa a wata waya sai da lambar. Amma a kula, in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin kwalin da layin ya zo da shi. Na uku, tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta a kwalin nan naka.

In kuma masu ƙwacen waya suka tare ka da makami, miƙa musu. Ana sayen wata wayar. Rai guda ne.

Ɗan abin lafiya

Ba kyamis za ka ɗauko ba. Filasta uku ko huɗu, farasitamol kati ɗaya, da ƙunshin gishiri da suga na ORS guda biyu. Babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha. ORS ana zuba ƙunshin ne a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa suga ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, gudawar yini ɗaya kan kayar da ƙato.

Mai shan magani kullum ya riƙe na kwana biyu, mai asma kar ya taka ƙofa ba abin shaƙarsa, mai ciwon suga ya sa alewa ko dabino saboda faɗuwar suga. Kuma kowane magani a bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin leda, a shingen NDLEA ko na jandarma, dogon bayani ne, musamman yadda ake farautar masu safarar tiramadol. Kar kuma ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko da a tasha aka haɗa ka da Allah.

Hajiya da 'yan'uwana mata, a ƙara audugar mata guda biyu da fil. Ko ba ki bukata ba, wata za ta bukata, ki sami lada.

Kayan lokaci da 'yan ƙanana

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a sa takunkumin fuska saboda ƙura, da ɗan man kaɗe na leɓe da hanci. Da bazara, gorar ruwa ta rabin lita da hankici. Da damina, leda mai kauri ta waya da takardu. Sai waɗanda ba su da lokaci: biro da 'yar takarda, ƙaramar tocila don kar ka ƙarar da cajin waya wajen haska lungu, ɗan sabulu, da asuwaki ga mai so.

Abin da za a bari a gida

Wuƙa, kowace iri ce. Matasa, ku ji wannan da kyau. Wanda ya ce don kare kai ya ɗauka, a wurin bincike shi za a fara tuhuma, kuma faɗan da zai ƙare da cacar baki, in da wuƙa a ƙugu, ba a san inda zai tsaya ba. Haka takardun makaranta na ainihi, takardar fili, da tulin makullan gida duka. A ɗauki makulli biyu ko uku da ake bukata, a bar safaya wurin wani amintacce.

Daga ƙarshe, a ware rana ɗaya a mako, a ce daren Juma'a, a zazzage jakar. A cika fawa bank, a mai da kuɗin komawa gida in an taɓa, a duba ranar lalacewar magani da wa'adin takardu. Minti biyar ne. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mai sauraro, me ke cikin taka jakar wanda ba mu ambata ba? Direbobi, 'yan kasuwa, ɗalibai da ma'aikatan asibiti, ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kai kowa gida lafiya.