Ƙurjin Ƙirji Mai Tafiya Ya Dawo

Uwayen gida na Anka, Gummi da Bukkuyum.

Akwai wani ƙurji da kan fito tsakanin nonuwa: ya fashe, ya zubar da mugunya, ya lafa, ya dawo. Sau da yawa gashi ne ya karye ya shige fata, ya yi rami. Zufa da matsattsiyar rigar mama kan tsananta shi.

'Yar'uwa, ƙwaya da shafe-shafe lafar da shi kawai suke yi. Kada wanzami ya tsaga miki. Likita ne zai yi aiki, ya cire ramin dungurungum har da gashin.

Ki daure ki faɗa wa maigida, ya kai ki babban asibitin garinku. In ya fi ƙarfinsu, su tura ki Gusau ko Sakkwato. Kunya ba ta warkar da ciwo.

Allah ya ba mu lafiya.