Ringin Mizfa: Zaman Salama Bayan Duniya Ta Rushe

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Irmiya, daga sura 40 zuwa 43. Idan mun gama, a sa yaro ɗaya ya karanta wa iyali duka.

Samarinmu sukan kalli fina-finan nan da ke nuna duniya ta rushe. Birane sun ƙone, babu gwamnati, mutane kaɗan ne suka ragu. A cikin irin labarin akan sami wani ƙauye da mutanensa suka ce su ba za su ɗauki makami ba. Da masu bindiga sun iso, sai mai kallo ya ce, "Wawaye, yau tasu ta ƙare." 'Yan'uwa, irin wannan abu ya taɓa faruwa da gaske a ƙasar Yahuza, ya kuma faru a ƙasarmu.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka ci Urushalima. Suka ƙone Haikali, suka rushe garu, suka kwashe manyan gari zuwa bauta. Ga mutumin Yahuza, wannan ƙarshen duniya ne. Matalauta kaɗai aka bari, su ne ringi, wato 'yan kaɗan da suka ragu. Aka naɗa Gedaliya ɗan Ahikam ya lura da su a garin Mizfa. Annabi Irmiya ma ya zaɓi ya zauna tare da su.

Gedaliya bai tara mayaƙa ba. Ya ce wa jama'a su daina tsoro, su zauna a garuruwa, su tattara amfanin gona da mai, su adana cikin tuluna. Da labari ya kai ga waɗanda suka gudu zuwa Mowab da Ammon da Edom, sai suka komo gida. A shekarar nan suka yi girbi mai yawa. Ku duba, a tsakiyar toka Allah ya ba da abinci.

Amma wani shugaban mayaƙa, Yohenan ɗan Kareya, ya kawo gargaɗi cewa sarkin Ammonawa ya aiko Isma'ilu ɗan Netaniya ya kashe Gedaliya. Har ya je wurinsa a asirce ya nemi izini ya kashe Isma'ilu tun bai yi ɓarna ba. Gedaliya ya hana shi, ya kuma ce ƙarya yake yi wa mutumin. A wata na bakwai Isma'ilu ya zo da mutum goma, suka zauna cin abinci tare da Gedaliya, suka tashi suka kashe shi. Kashegari mutum 80 suna tafe da hadaya, Isma'ilu ya yaudare su, ya kashe 70, ya zuba gawarwakinsu cikin rami.

To, Gedaliya wawa ne? Mu raba maganar biyu. Da ya ƙi a kashe mutum a ɓoye saboda abin da bai riga ya aikata ba, ya yi daidai. Amma da ya toshe kunne ga gargaɗi, ya yi kuskure, wasu kuma suka mutu tare da shi. Tsakanin kashe Isma'ilu da zama cin tuwo da shi ba tsaro, akwai wata hanya. Yana iya bincike, yana iya sa masu gadi, yana iya kauce masa. A Matiyu sura 10 Yesu ya haɗa wa almajiransa abu biyu, wayon maciji da halin kurciya marar cuta. A surar nan kuma ya ba su izinin gudu zuwa wani gari idan an tsananta musu. Mai salama ba makaho ba ne.

Ku ji ƙarshen labarin. Yohenan ya bi Isma'ilu, ya ƙwato mutanen da ya kama a Gibeyon. Sai tsoro ya shiga zuciyar ringin, suka ce Babila za ta huce a kansu. Suka roƙi Irmiya ya tambayar musu Ubangiji. Bayan kwana 10 amsa ta zo, cewa su zauna a ƙasar, Allah zai gina su, zai dasa su. Suka ƙi, suka tafi Masar, suka ja Irmiya tare da su. Takobin Isma'ilu ya kashe shugaba, amma tsoro ne ya watsa jama'a.

Yanzu mu dawo gida. A shekara ta 1708, a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, mutum takwas suka yi baftisma cikin kogi, Alexander Mack yana cikinsu. Kakanninsu sun ga yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, wanda aka fara da sunan addini, ya kuma mai da garuruwa da yawa kufai. Mutanen nan takwas suka ƙudura za su bi Yesu ba tare da takobi ba. Daga zuriyar bangaskiyarsu ne masu bishara suka zo Garkida, suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a watan Maris na 1923. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tsiro.

A shekara ta 2014 duniyar waɗannan 'yan'uwa ta rushe. Daren 14 ga Afrilu 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. A ƙarshen Oktoba suka kama hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi. Majami'u da yawa suka ƙone, jama'a suka hau duwatsu, wasu suka ƙetare zuwa Kamaru. Shugabannin ba su tsaya cin abinci da mai takobi ba, suka kauce zuwa Jos. Ba su kuma kira jama'a ga ramuwa ba. Suka kira addu'a da azumi, suka raba abinci da iri, suka tara waɗanda suka ga abin firgita domin warkar da zuciya. Daga baya suka koma Kwarhi. A Gurku kuma, cikin Jihar Nasarawa, aka kafa unguwa inda Kirista da Musulmi da suka tsere wa wuta ɗaya suka gina gidaje gefe da gefe, suna noma tare.

Na san wani yana ji na yanzu yana cewa, "Malam, kai ba ka binne ɗanka ba." Ɗan'uwana, ba na raina hawayenka, Allah ma bai raina su ba. Amma ka tuna da mutum 70 ɗin nan na hanyar Mizfa. Me suka yi? Haka ramuwa take. Mai laifi ya riga ya tsere, sai fushi ya faɗa kan matafiyi, ko mai tallan nono, ko yaron da ke kiwo. Gobe danginsu su zo, jibi naka su koma, har ƙasa ta rasa mai noma ta.

Saboda haka, iyalin Allah, ga abin da za mu riƙe. Idan an kawo gargaɗi, kada mu yi barci. Mu bincika, mu sanar da hukuma da dattawa, mu kawar da yara da tsofaffi. Idan an kawo shawarar kisa a ɓoye, mu ƙi, ko da daga bakin ɗan ikilisiya ta fito. Idan kuma ƙura ta lafa, kada tsoro ya zaɓa mana wurin zama. Mu nemi nufin Ubangiji, ko da amsar za ta ɗauki kwana 10, mu kuma yi biyayya idan ta zo. Wanda ya rataye a kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara, shi ne ya tashi a rana ta uku.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi ringinka a kowane wuri, waɗanda ke sansani da waɗanda suka koma kufai. Ka buɗe idanunmu ga haɗari, ka tsare hannuwanmu daga jini, ka cire tsoro daga zukatanmu. Ka ba mu girbi a inda aka ƙone. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa. Salamar Ubangiji ta kasance tare da gidanku.